Shekarar da Na Goge Baba Audu

Shekaranjiya da la'asar ruwan shuka ya sauka a Batsari. Ina zaune a ƙofar gida na ji iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya taso, kafin in naɗe tabarma an kece. Washegari da sassafe hanyar gona ta cika da masu sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu, kowa fuskarsa a sake. Ni ma na yi wa Allah godiya kamar kowa. Amma tun wata shekara can baya ruwan farko bai ƙara zo mini da daɗi zalla ba, domin duk ya sauka sai na tuna Baba Audu.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara huci, zuwa azahar ko kare ba ka gani a titi. Rijiyoyi sun ja baya, guga sai ya taɓo laka. Ga shi 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a tsakaninmu da Safana har bayan Runka, mutane sun kwararo cikin gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Wasu sun sauka a azuzuwan makaranta, wasu a kangwayen da ba a gama ginawa ba, masu dangi suka raɓa da danginsu. A gidana mai ɗaki uku, gwaggon matata Hadiza ta iso da surukarta da jikoki, ni na koma kwanan zaure.

Hadiza ce ta san yadda aka yi muka kai ƙarshen watan nan. Da safe ta auni gero da ƙaramin kwano, ta tsaya ta dube shi, ta rage kaɗan ta mayar. Kunun buɗe-baki ya yi ruwa har kana hango gindin ludayi. Ƙosai kuwa muka manta da shi, sai kwaɗon zogale da ɗan ƙuli in an samu. Itace ya yi wuya saboda ba mai shiga daji, sai kara da kashin shanu. Randa ɗaya ce take sanyi, ita ma sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu tun azahar. In an kira magariba, ba ka jin komai a tsakar gida sai ƙarar moɗa.

Ni a lokacin magatakarda ne a wata ƙaramar ƙungiyar manoma da ta haɗa Batsari da Safana. Ni ne kuma mai kwamfuta, kuma ina jin daɗin a kira ni haka, ba zan ɓoye ba. Kwas na wata shida na yi a Katsina, na dawo ina taku kamar ni na ƙera ta. Sai wasu masu agaji suka yi alkawarin ba 'yan gudun hijira iri, gero da dawa da gyaɗa, mutanen gari kuma suka yarda su ara musu gonakin da ke kusa, inda in an yi harbi za a iya rugowa gida. Sharaɗi ɗaya suka gindaya. A haɗa sunayen magidanta duka, kowa da hotonsa, a fayil guda, a tura musu kafin azahar ɗin wata Alhamis, don a kan shi za a loda mota. Wanda ba ya ciki ba shi da buhu.

Muka shiga zagaye a kan babur ni da abokin aikina Malam Isiya, baki a bushe, muna ɗaukar sunaye a waya. Fom ɗin yana da gurbin suna, da na mahaifi, da na ƙauye, da yawan iyali, da hoto. Babu gurbin laƙabi. Alhali a ƙauyukanmu ba wanda ake sani da sunan yanka. Ka tambayi mutum ya ce maka Na-Allah, ko Tanko, ko Ɗan Asabe, sai ka tsaya ka ce na yanka kake so, shi kuma ya ɗan yi jim kamar ka tambaye shi sunan wani.

A makarantar da ke bakin gari na haɗu da Baba Audu, zaune a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Dogo ne, siriri, gemunsa fari. Matarsa Inna Hajo tana daga bayansa tana tsince zogale. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da azumi da zafi, sannan na ciro waya.

"Sunanka, Baba?"

"Audu Maigyaɗa."

"Na yanka nake so, da na mahaifi."

"Abdullahi. Ubana Musa." Ya yi ɗan murmushi. "Amma in ka hwaɗi haka garinmu, mu biyu za mu waigo, ni da Gajere."

Na yi dariya na rubuta, na ɗauke shi hoto. Maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, don akwai mutum kusan talatin a bayansa suna jira.

Kafin in tashi ya riƙe ni da tambaya. "Ɗiyana, irin nan da gaske za a ba da shi? Don ni ina da nawa gida, cikin tulu na turbuɗe shi bayan rumbu. In za a ba mu, in zamna nan in shibka gonar aro. In ba a ba mu, in tahi in tono abuna."

"Ba inda za ka, Malam," in ji Inna Hajo, ba ta ko ɗago kai ba.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tunda ya shiga wayata ya shiga ke nan.

Ranar Litinin muka gama zagaye, na zauna a ofis zan haɗa komai. Ofishin ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya, da faifan sola a kan kwano. Kwamfutar tsohuwa ce ta tafi-da-gidanka, fankar cikinta tana kuka kamar injin niƙa. Na buɗe manhajar da aka ba mu, na zuba mata fayilolin Batsari da na Safana, na danna. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Ya wuce rabi, ya ƙara kaɗan, sai ya tsaya cak. Can sai ga jan rubutu da Turanci, ma'anarsa ƙwaƙwalwa ta ƙare, aiki ya tsaya. Na sake, ta sake. A daidai wuri ɗaya take cijewa.

Malam Isiya ya ce zafi ne, ai mu ma da muke mutane ƙwaƙwalwarmu ta ƙare. Muka jiƙa buhu muka shimfiɗa, muka ɗora ta a kan bulo biyu, yana yi mata fifita da mafici. Ta yi sanyi, ta kuma tsaya a inda ta saba. Sai na ce to, irin na waya ne, ta cika da tarkace. Na goge karatuttukan da na tara, na goge takardun shekarun baya, har hotunan sunan 'yata Ummi na goge, waɗanda ba ni da su a ko'ina. Jan rubutun bai fasa fitowa ba.

Ranar Talata shugabanmu Alhaji Shehu ya shigo yana sharce gumi da gefen babbar riga. Ya tsaya a kaina ya kalli layin ya tafi ya tsaya.

"Kabiru, a kira malamar nan ta Safana mana. An ce ta san kan abin nan."

Malama Rabi yake nufi, mai koyar da kwamfuta a wata sakandare a can. Tare muka yi kwas a Katsina, ita ta zo ta ɗaya, ni ban ma so a tuna na nawa na zo. Lambarta tana cikin wayata. Amma in kira ta in ce na kasa, a gaban Alhaji da Isiya, raina bai ba ni ba.

"Yallaɓai, abin da ya gagare ni ba ita za ta iya ba. Kayan ne suka yi wa na'urar yawa. Zan san yadda zan yi."

"To Alhamis dai," ya ce, ya fita.

Laraba ta wuce a haka. Na koma gida na kasa shan kunu, Hadiza ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce aiki ne. Ranar Alhamis da hantsi, ina ta lalube a cikin manhajar, na ci karo da wani maɓalli na cire sunan da ya maimaitu. Zuciyata ta ce ga mafita. Na san akwai waɗanda suka yi rajista sau biyu, a nan da Safana, don na ga wasu da idona. In na cire su kaya za su ragu. Manhajar ta tambaye ni da me za ta gane maimaici, na zaɓa mata suna, da sunan mahaifi, da ƙauye. Duk inda ukun nan suka zo ɗaya, ta bar na farko ta goge sauran. Hoto ban saka ba, saboda shi ne mai nauyi. Ta nuna mini yawan layukan da za ta cire, na ga sun yi yawa, amma na ce a raina mutanenmu akwai son banza. Na danna.

Koren layin ya tafi, ya wuce inda yake tsayawa, ya kai ƙarshe. Isiya ya yi hamdala. Na tura kafin a kira azahar. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce shi ya sa yake alfahari da ni, ni kuwa na sha ruwa a ranar da farin cikin da na daɗe ban yi ba.

Bayan salla da 'yan kwanaki motar iri ta iso. Aka taru a filin makaranta, sama ta yi fari fat, zafi mai ɗauke numfashi irin na gab da damina. Ni ke kiran suna daga takardar da aka bugo, Isiya yana duba hoto, mutum ya dangwala yatsa ya ɗauki buhunsa. Ba mu yi nisa ba na kira wani Sani Ibrahim, mutum biyu suka miƙe. Muka duba hoto, muka ba mai hoton, na ce wa ɗayan ya jira nasa yana gaba. Da aka ƙara tafiya na kira wata Hauwa Usman, mata uku suka taso. Na gane abin da na aikata tun kafin in kai shafi na gaba.

"Abdullahi Musa."

Baba Audu ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Daga can gefe wani gajeren mutum kakkaura shi ma ya miƙe. Isiya ya duba takarda, ya dube su, ya nuna gajeren. Baba Audu ya matso har gabana.

"Ɗiyana, ba kai ka ɗauke ni hoto ba, gindin iccen can?"

"Ni ne, Baba. Matsalar kwamfuta ce."

Haka na ce, a gaban jama'a, kuma har yau ina jin kunyar wannan kalma. Alhaji Shehu ya dube ni. Audu Gajere ya jawo buhunsa ya ajiye a tsakaninsu.

"Yaya, mu raba. Kai rabi ni rabi."

"A'a, Gajere. Bakunanka sun hi nawa yawa. In mun raba, ni ban shibka ba kai ba ka shibka ba. Ɗauki abinka."

Na ce masa ya ba ni mako biyu, zan gyara a sake turawa. Ya ɗaga kai ya kalli gabas, inda wani siririn gajimare ya kwanta.

"Mako biyu," ya maimaita. "To Allah shi kai mu."

Washegari na saka kwamfutar a jaka na hau babur zuwa Safana. Hanyar shiru, gonaki a share babu kowa, in ka hango ƙura daga nesa sai gabanka ya faɗi. Na samu Malama Rabi a ɗakin malamai tana makin takardu. Muka gaisa, na buɗe mata, na zuba ainihin fayilolin da ban taɓa ba, muka zauna har jan rubutun ya fito. Ta karanta sau ɗaya.

"Malam Kabiru, me ka yi mata da ta fara haka?"

Na faɗa mata komai, har da buhu da mafici. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Kai rumbu ka yi ta kwashewa," ta ce, "alhali tabarmar shanya ce ta yi ƙanƙanta. Inda take ajiya daban, inda take baza aiki daban. Dubi nan."

Ta shiga saitin manhajar, ta buɗe wani ɗan fayil da ban taɓa sanin yana nan ba. Layi bai fi goma ba a ciki. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Kwamfutarka tana da ƙwaƙwalwa kashi takwas. Ita manhajar kashi ɗaya kawai aka yarje mata ta taɓa. Tana cika shi sai ta tsaya, ga bakwai a zaune."

Ta goge ɗaya ta rubuta huɗu. Ta ce kada in ba ta duka, a bar wa ita kwamfutar abin da za ta yi numfashi. Ta rufe sauran abubuwan da na bari a buɗe, ta kashe manhajar ta kunna, ta danna. Koren layin ya tafi har ƙarshe bai ko yi tuntuɓe ba, da kowa da kowa a ciki, da hotunansu. Duka aikin bai kai a sha kofin ruwa ba.

"Tun yaushe take yi maka haka?"

"Tun cikin azumi."

"Ai kana da lambata, Malam."

Ta taimaka mini muka ware waɗanda aka goge, muka bi su da hoto ɗaya bayan ɗaya. Masu rajista biyu na gaskiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk mutane ne daban, suna ne kawai ya haɗa su. Na tura daga nan inda nake zaune. Masu agajin suka amsa cewa sun gani, amma sai mota ta biyu, kuma ba su san ranar ba.

Yanzu muna da sabuwar kwamfuta, fom ɗinmu ma yana da gurbin laƙabi, ni na sa aka ƙara shi. Duk wanda ya zo koyon aiki a wurina, ɗan fayil ɗin nan nake fara nuna masa. Suna ɗauka tsabar ƙwarewa ce.

Kwana huɗu da dawowata daga Safana ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka a kansa. Gari ya yi sanyi, kwaɗi suka fara kuka, waɗanda suka samu iri suka bazu a gonakin aro. Da hantsi na je makaranta in gaya wa Baba Audu sunansa ya koma. Na tarar da Inna Hajo ita kaɗai a bakin aji.

"Ya tahi garinmu tono irinsa tun da asuba, bisa keke. Na yi magana har na gaji."

Baba Audu ya dawo da yamma da laka a ƙafa, yana murna. Tulunsa yana nan, iri bai lalace ba, ya ma shuka gefe guda na gonarsa ta can. Na ce masa ya ɗauko irin ya kawo gonar aro mana. Ya ce wadda aka ware masa an ba wani tun ranar rabo, tunda ba ya cikin takarda, kuma gaskiyarsu ne. Na roƙe shi ya jira, ya ce ƙasa tana da laima yau, ba ta san mota ta biyu ba. Ya sake zuwa ya dawo lafiya. A zuwa na uku bai dawo ba.

Sai da aka kwana biyu sannan Audu Gajere da wasu maza huɗu suka yi ƙundunbala suka je. A bakin gonar suka same shi, 'yan bindiga sun harbe shi, sun tafi da keken. A can suka yi masa sutura cikin sauri suka juyo. Na je gaisuwa na zauna a cikin mutane, ana cewa kwana ya ƙare, ni ma ina cewa haka. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, kuma ban iya gaya wa ko Hadiza dalili ba.

Mota ta biyu ta zo gero ya kai gwiwa, ana noman farko. Lokacin shuka ya wuce, kuma lokacin ne yunwa ta fi tsanani, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai zo ba. Da aka kai kan sunansa ban kira ba. Na saɓi buhun da kaina na kai ajin da suke. Inna Hajo tana takaba a lungu, bayan wani zane da aka ɗaura a matsayin labule, ta rame ƙwarai. Jikokinta uku suna kwance a kan siminti, ba mai wasa a cikinsu. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye buhun.

"Inna, na Baba ne. Kuma akwai abin da nake so ki sani. Ba kwamfuta ce ta cire sunansa ba. Ni ne. An ce in nemi taimako na ƙi."



"Allah shi yahe muna baki ɗai," ta ce.

Ta jawo buhun ta warware bakinsa. Geron ja ne jawur, an cuɗe shi da maganin ƙwari kamar yadda ake yi wa irin shuka. Ta ɗebo a tafin hannu ta duba, sannan ta miƙa hannu ta jawo kwano da tulun ruwa. Ta zuba gero, ta zuba ruwa, ta fara cuɗawa. Ruwan ya rine.

"Inna, wannan ba na ci ba ne. Akwai magani a jikinsa, yana iya yi wa yara lahani ko an wanke."

"Na sani, ɗiyana. Shekara nawa ina shibka."

"To ki bari mana."

Ta tsiyaye jan ruwan a bakin ƙofa, ta sake zuba wani. Sai a lokacin ta ɗago.

"In kana da wanda ba magani, kawo in ba ka wanga. In babu, matsa ka ba ni haske."

A ranar ko tiya ɗaya babu a gidana, Hadiza ta kakkaɓe buhu tun da safe. Na matsa.